Sain, kosain da tsawon wuni a Kano: wa zai taimaka?

Zainab A.
Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aikin gida a darasin lissafi, mu nemo wani abu da yake maimaita kansa mu rubuta masa ƙa'ida ta sain ko kosain. 'Yan ajinmu duk sun ɗauki lilo da tayar keke don su ne a littafi. Ni na ɗauki tsawon wuni a Kano, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A jadawalin da na duba, wuni mafi tsawo yana wajen 21 ga Yuni, awa 12 da minti 50. Mafi gajarta wajen 21 ga Disamba, awa 11 da minti 25. To daga nan na tsaya cak. Ina zan saka waɗannan lambobi a cikin y = A sin(B(x − C)) + D?

Malam Habu
Wa alaikumus salam. Madalla da wannan zaɓi, Zainab, ya fi lilo ɗin armashi. Fara da mayar da komai minti, don awa da minti a haɗe suna rikita lissafi. Na Yuni 770 ke nan, na Disamba 685.

D shi ne layin tsakiya. Ki haɗa biyun ki raba biyu, zai ba ki 727.5. A kuma shi ne iyakar nisan da abin yake hawa sama da tsakiya ko ya sauka ƙasa da ita: cire 685 daga 770 saura 85, rabinsa 42.5. B daga tsawon zagaye yake fitowa. Da'ira digiri 360 ce, shekara kwana 365, don haka B = 360/365, kusan 0.986. Shi x lambar rana ce a shekara, 1 ga Janairu ita ce 1, 21 ga Yuni ita ce 172, ita ce kuma C. Ga ƙa'idarki:

y = 42.5 cos(0.986(x − 172)) + 727.5

Ki tabbata kalkuletarki tana kan digiri, ba radiyan ba. A nan yara suke yawan zubar da maki a jarrabawa.

Bashir Tudun Wada
Malam, da izininka. Yarinya ta kawo ƙa'idar sain, kai kuma ka mayar mata da kosain. Idan malaminsu mai tsauri ne ai sai ya ja mata jan biro.

Malam Habu
Bashir, abu ɗaya ne. Kosain yana farawa daga ƙololuwa, sain yana farawa daga tsakiya yana hawa. Tazarar da ke tsakaninsu rubu'in zagaye ce kawai. Na ɗauki kosain ne saboda ranar ƙololuwa ce muke da ita a hannu. Mai son sain sai ya koma baya da rubu'in shekara, kwana 91, ya sauka a rana ta 81, wato 22 ga Maris:

y = 42.5 sin(0.986(x − 81)) + 727.5

Ka zana su biyun, ɗaya zai hau kan ɗaya ruf.

Bashir Tudun Wada
Na yarda da lissafin. Amma ni har yanzu abin da ban gane ba, me ya haɗa sain da rana? Mu a makaranta an koya mana shi a kan alwatika ne, gefen da ke fuskantar kusurwa a raba da gefe mafi tsawo. Ina alwatika a nan?

Sadiq Injiniya
Yaya Bashir, ɗaga bayan keke ka juya taya a hankali, ka zuba wa bakin iska ido. Kada ka kula da tafiyarsa gaba ko baya, tsayinsa kawai za ka bi. Idan yana daidai da tsakiyar taya, hawa yake yi da sauri. Da ya kusa sama sai hawan ya ragu, kamar ya tsaya, sannan ya fara gangarowa. Wannan tsayin shi ne sain na kusurwar da tayar ta juya. Alwatikar tana nan a ɓoye: waya guda daga tsakiyar taya zuwa bakin iskar ita ce gefe mafi tsawo. Duk abin da asalinsa zagaye ne mai tafiya ɗaya, in ka dube shi ta gefe guda, sain za ka gani. Duniya kuwa zagaya rana take yi, kuma a karkace take da digiri 23.4.

Zainab A.
Na gwada da 1 ga Maris, rana ta 60. Kusurwar ta fito kusan digiri 110, kosain ɗinta −0.35, amsa minti 713. Awa 11 da minti 53 ke nan. Jadawali ya ce 11 da 54. Kai, abin ya burge ni wallahi. Na gode Malam.

Baba Ladan
Salamu alaikum. Jikana ne ya sa ni cikin zauren nan, yawanci karatu nake ba na magana. Amma yau sai na yi. Ku 'yan boko kun ce wuni mafi gajarta yana ƙarshen Disamba. Ni kiran salla nake yi a unguwarmu, kuma da idona nake duba rana, ba da waya ba. Magariba ta fi saurin yi a tsakiyar Nuwamba. Lokacin kafin shida ta buga rana ta faɗi. Amma zuwa ƙarshen Disamba sai shida ta wuce da 'yan mintoci. To in lissafinku daidai ne, ya aka yi haka?

Bashir Tudun Wada
Yauwa! Baba ya kama ku. Malam Habu, bisimilla.

Mutari Mai Sola
Wataƙila agogon masallacin ne yake gudu, Baba. Batir in ya yi sanyi haka suke yi.

Baba Ladan
Mutari, agogon da zai yi gudu a Nuwamba kaɗai kowace shekara, ya dawo daidai da kansa, ai ba agogo ba ne, aljani ne.

Dakta Hadiza
Baba, ina wuni. Gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari, kuma lissafin Zainab ma daidai ne. Abubuwa biyu ne aka haɗa. Ƙa'idar Zainab tana faɗin tsawon wuni ne, ba ta faɗin ƙarfe nawa wunin zai fara ko zai ƙare. Kafin ka san lokacin faɗuwar rana sai ka san lokacin zawali, sannan ka ɗora rabin wuni a kai. Shi kuma zawali ba ya zama wuri ɗaya a agogo.

Agogon Najeriya an saita shi ne a kan layin digiri 15 gabas. Kano tana wajen digiri 8.5, wato tana yamma da layin da digiri 6.5. Kowane digiri minti 4 ne, saboda haka a matsakaici rana tana kaiwa tsaka a Kano da 12:26. Amma matsakaici na ce. A farkon Nuwamba takan riga wannan lokaci da fiye da minti 16, zawali ya kama wajen 12:10. A tsakiyar Fabrairu takan makara da minti 14, ya koma 12:40. Rabin awa ke nan tsakaninsu, ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu mu lissafa. Tsakiyar Nuwamba zawali 12:11, rabin wuni awa 5 da minti 46, rana ta faɗi 5:57. Ranar 21 ga Disamba rabin wuni ya ragu zuwa awa 5 da minti 42, amma zawali ya ja baya zuwa 12:24, don haka rana ba za ta faɗi ba sai 6:06. Wunin ya gajarta da gaske, sai dai ta wajen safiya aka yanke shi. Shi ya sa ma fitowar rana mafi makara ba a Disamba take ba, sai ƙarshen Janairu, wajen 6:50.

Baba Ladan
Haka ne, 'yata. A Janairu asuba takan yi nisa, ga sanyi. Allah ya yi albarka. Amma me yake sa ranar ta yi gaba ta yi baya haka?

Dakta Hadiza
Amin Baba. Dalili biyu ne, kuma a nan ne darasin Zainab yake ƙara daɗi, don kowane dalili igiyar sain ɗinsa daban.

Na farko, hanyar da duniya take bi wajen zagaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta ɗan miƙe. Kepler ne ya bayyana haka a 1609. A farkon Janairu muna kusa da rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli muna nesa, miliyan 152. Idan duniya tana kusa takan ƙara sauri, in ta yi nisa ta rage. Wannan yana haifar da igiya mai zagaye ɗaya a shekara, girmanta kusan minti 7.7.

Na biyu karkatar nan ce ta digiri 23.4. Saboda ita, 'yar gocewar da rana take yi kullum a sararin sama wani lokaci takan tafi a karkace, wani ɓangare nata arewa ko kudu, wani lokaci kuma ta miƙe gabas sak. Wannan sau biyu yake maimaituwa a shekara, girmansa kusan minti 9.9.

In aka haɗa, ƙa'idar da masu aikin hasken rana suke amfani da ita ita ce:

E = 9.87 sin(2K) − 7.53 cos(K) − 1.5 sin(K), inda K = 0.986(x − 81)

E shi ne mintocin da rana take riga matsakaicin lokaci da su. Zawali a Kano = 12:26 a cire E. Saka 3 ga Nuwamba, rana ta 307, za ka samu 16.4.

Malam Habu
Zainab, ki lura da 2K ɗin nan. Ninka B sau biyu yana rage tsawon zagaye zuwa rabi, wata shida maimakon shekara. Wannan tambaya tana yawan fitowa a WAEC ta wata siga. Su kuma cos(K) da sin(K) da Dakta ta rubuta daban-daban, igiya ɗaya ce aka raba gida biyu, tunda zagayensu ɗaya.

Baba, wannan ilimi naku ne tun asali. A manyan masallatan Misra da Sham a da akwai ma'aikaci na musamman, muwaƙƙit, aikinsa fitar da lokutan salla da lissafin kusurwa. Ibn al-Shatir, wanda ya rasu a 1375, shi ne babban mai wannan aiki a masallacin Banu Umayya na Dimashƙ, kuma ya ƙera wa hasumiyar masallacin agogon inuwa.

Issoufou Yamai
Sannunku da hira. Mu a Yamai agogonmu ɗaya da na Kano amma muna digiri 2 da ɗoriya gabas. Na bi hanyar Dakta, na samu zawalinmu a matsakaici 12:52. Wato duk abin da aka faɗa sai mu ƙara minti 26. Daidai ne?

Dakta Hadiza
Ga zawali daidai ne, Malam Issoufou. Ga faɗuwar rana akwai ɗan bambanci, don kun fi Kano arewa da digiri ɗaya da rabi, A ɗinku ya ɗan fi nasu girma. E kuwa ɗaya ce ga duk duniya.

Hajiya Rabi Landan
Ku kuna maganar minti 42, mu nan wahala muke sha. A Yuni wuninmu awa 16 da minti 38, a Disamba awa 7 da minti 50. Azumin 2015 da 2016 da ya faɗo a Yuni ba a magana, sai an wuce tara na dare ake shan ruwa. Ɗana ya ga hirar nan ya bi hanyar Malam Habu, ya ce A ɗinmu minti 264 ne, D kuma 734. Amma wai da ya gwada da ranakun Afrilu da Oktoba sai ya ga amsar tana kaucewa jadawali, ba kamar ta Zainab ba.

Sadiq Injiniya
Hajiya, yaron bai yi kuskure ba. Tsawon wuni ba sain ne na gaskiya ba, kama da shi yake yi. Kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, kamannin yana da yawa har ba a gane bambanci. Kano tana digiri 12 arewa, shi ya sa Zainab ta dace. Akara tana digiri 5.6, A ɗinsu bai fi minti 20 ba, can ma ƙa'idar za ta zauna daram. Landan kuwa digiri 51.5. Ƙa'idar sain za ta ce a ƙarshen Maris wuni yana ƙaruwa da minti huɗu da rabi kullum, alhali abin da ake gani kusan minti huɗu ne. In ka ƙara gaba zuwa arewacin Nowe, inda rana take kwashe kusan wata biyu ba ta faɗi ba, zanen sai ya baje a sama a kan awa 24. Babu sain ɗin da yake bajewa haka.

Ko lilon da 'yan ajin su Zainab suka ɗauka haka yake. Igiya mai mita ɗaya tana zuwa ta dawo cikin daƙiƙa 2, amma sai in lilon ƙarami ne. In ka ja ta har ta miƙe a kwance ka saki, lokacin zai ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari.

Ustaz Nura
Ina bin ku tun ɗazu, kuma na ƙaru. Sai dai ina jan hankali, kada wani ya ɗauki kalkuleta ya ce da ita zai sha ruwa. Ku da kanku kun ce akwai kuskuren minti ɗaya ko biyu. Minti biyu a azumi ba wasa ba ne. Sannan azumi daga alfijir yake farawa, ba daga fitowar rana ba, ƙa'idar nan kuwa ba ta san alfijir ba.

Dakta Hadiza
Ustaz, ban ƙi ta taka ba. Wannan ƙa'ida ta fahimta ce. Masu fitar da jadawali na gaske suna ƙara igiyoyi da yawa a kai, suna lissafa lanƙwasar haske a cikin iska da tsayin gari. Ko minti 7 da rabi da D ɗin Zainab ya ɗara awa 12 da su, daga lanƙwasar hasken ne da faɗin ƙwallon rana.

Mutari Mai Sola
To ni bari in kawo tawa, tunda an taɓo sana'ata. Kullum kwastoma sai ya tambaye ni me ya sa inbata mai tsantsar sain ta fi ɗaya tsada kusan ninki. Ni dai abin da na sani, mai arhar in ka jona mata fanka sai ta dinga gurnani, kan fankar ya yi zafi. Firij kuwa ba na ma yarda a jona. Injiniya, wannan sain ɗin shi ne naku?

Sadiq Injiniya
Shi ne, Oga Mutari, ba wani ba. Janareta waya ce take juyawa a cikin maganaɗisu, zagaye ke nan, don haka wutar da ke fitowa sain ce. Wutarmu tana zagaye 50 a daƙiƙa, shi ya sa ƙaramin janareta yake juyawa sau 3000 a minti. A Amurka 60 ce. Bolt 230 da mita take nuna maka ba ƙololuwa ba ce, wani irin matsakaici ne. Ƙololuwar ita ce 230 sau 1.414, wato 325. Ƙa'idar:

v = 325 sin(360 × 50 × t), t a daƙiƙa

Babu D, don tsakiyar sifili ce.

Inbata ba ta da abin da ke juyawa, batir take yankawa. Mai arha tana kunna wuta ta kashe, ta juya ta kunna ta kashe, zanenta mataki-mataki. Wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya nuna a littafinsa na 1822 cewa irin wannan zane mai maimaituwa tarin igiyoyin sain ne aka ɗora wa juna. A cikin wutar inbata mai arha akwai 50 ɗin da fanka take so, amma akwai 150, da 250, da 350 a cakuɗe. Su ne ba sa juya fanka yadda ya kamata, sai su zama zafi da gurnani. Kuma ka kula, ƙaramar mita an ƙera ta ne da zaton sain take aunawa, a kan irin wannan wuta takan nuna ƙasa da gaskiya.

Mutari Mai Sola
Ashe! Shi ya sa nake ganin 180 da wani abu alhali kwan fitila yana haske ƙal. Wannan bayani zai yi mini amfani a shago.

Bashir Tudun Wada
To in haka ne komai ma sai a yi masa sain. Ni zan yi na zafin Kano. Afrilu sama, Janairu ƙasa, shi ke nan.

Malam Habu
A nan za ka sha ƙasa, Bashir. Daga Janairu zuwa Afrilu wata uku ne, daga Afrilu a koma Janairu wata tara. Sain ɗaya kuwa lokacin hawansa da na saukarsa daidai suke. Ƙari a kan haka zafin Kano ƙololuwa biyu gare shi: bazara a Afrilu, ya sauka a Agusta saboda hadari da ruwa, ya sake ɗagawa a Oktoba da kaka, sannan hunturu ya kwantar da shi. Aƙalla sai ka haɗa igiyar shekara da ta wata shida. Ko da ka haɗa, bara da bana ba sa zama ɗaya, don damina ba ta da alƙawari. Tafiyar rana ita ce mai cika alƙawari, shi ya sa take lissaftuwa.

Bashir Tudun Wada
Amma Malam, Injiniya ya ce kowane zane mai maimaituwa ana iya haɗa shi da sain. Ashe ban yi ƙarya ba.

Malam Habu
Ana iya haɗa zanen shekarun da suka wuce. Faɗin na baɗi shi ne magana. Igiyoyin Dakta kowace da dalilinta a sama, ɗaya miƙewar hanya, ɗaya karkata. Kai kuma in ka dinga ƙara igiya don zane ya dace kawai, za ka samu zane mai kyau wanda bai san komai ba.

Bashir Tudun Wada
Ban gamsu duka ba, amma zan nemo alƙaluman shekara goma in gwada, sai mu dawo kanta.

Baba Ladan
'Yata Dakta, wannan 12:10 na farkon Nuwamba ina so in gani da idona. Yaya zan yi?

Dakta Hadiza
Da sauƙi, Baba. A samu fili mai siminti wanda ya daidaita, a kafa sanda mai tsawon mita ɗaya. A rataya dutse da zare kusa da ita don a tabbatar ta miƙe sak, in ta karkata ko kaɗan aikin ya ɓaci. A saita agogo da na waya. Daga 11:30 jikanka ya dinga sa alama da alli a kan bakin inuwar duk minti biyar, yana rubuta lokaci, har 12:50. Kusa da zawali inuwar ba ta cika canjawa ba, ido ba zai raba 12:05 da 12:15 ba. Don haka a nemi alama biyu masu tsayi ɗaya, ɗaya kafin zawali ɗaya bayansa, a ɗauki tsakiyar lokutansu. Ranar 3 ga Nuwamba inuwar za ta fuskanci arewa, kuma mafi gajartarta za ta kama santimita 51 ko kusa da haka.